KUƊIN JAMA'A A GABAN JAMA'A: DARASI DAGA BIRNIN PORTO ALEGRE

An shirya wannan ɗan littafi domin hakimai da malaman da ke riƙe musu littattafai, da kuma dagatai da masu unguwanni waɗanda za a karanta wa shi. Abin da ya ƙunsa amsa ce ga wani kuka da a ke ji kusan a kowace gunduma, watau cewa talakawa ba su zuwa taro. A kan yi shela, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar hakimi, amma sai a ga 'yan dattawan nan da ba su fashi su kaɗai, sauran jama'a kuwa kowa ya kama hanyar gonarsa ko kasuwarsa. Sa'an nan a ce mutanenmu ba su kula da sha'anin mulki ba.

Wannan magana tana bukatar a sake dubanta. Talaka ya san darajar yininsa. In ya zo taro ya faɗi abin da ke damunsa, aka rubuta, bai sake jin ɗuriyar maganar ba, to, karo na biyu ba zai bar gonarsa ba, ba kuwa wanda zai ga laifinsa. Mutane su kan zo taro ne in sun tabbata maganarsu za ta yanke wani abu, kuma za a komo a gaya musu inda aka kwana. Domin bayyana wannan za mu kawo labarin wani birni mai nisa wanda ya gwada abin shekara da shekaru, ya ga amfaninsa, ya kuma ga yadda ya ke lalacewa. Daga nan mu duba abin da ya shafe mu.

1. BIRNIN DA HALIN DA AKA SAME SHI

Porto Alegre babban birnin jihar Rio Grande do Sul ne, can kudancin ƙasar Birazil, cikin nahiyar Amurka ta Kudu. A zamanin da mu ke magana mutanensa sun kai wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Soja sun mulki Birazil daga 1964 zuwa 1985. A 1988 aka yi sabon tsarin mulki wanda ya ƙara wa hukumomin birane iko da kuɗin shiga. A can shugaban birni, wanda a ke ce wa magajin gari, zaɓensa a ke yi na shekara huɗu, ba sarauta ba ce irin ta Magajin Gari a ƙasarmu. Akwai kuma majalisar kansiloli zaɓaɓɓu masu amincewa da kasafin kuɗi.

Tsakiyar birnin akwai kwalta da famfo da magudanai. Amma a gefe akwai unguwannin talakawa da yawa waɗanda aka gina ba bisa tsari ba, ba hanya, ba magudana. Yadda aka saba, in unguwa tana son aiki sai manyanta su nemi wani ɗan siyasa su yi masa alkawarin ƙuri'a, shi kuwa ya yi musu hanya in ya ga dama. Ƙungiyoyin unguwanni sun gaji da wannan, suka fara neman a riƙa shawara da su kan yadda a ke kashe kuɗin birni.

A Janairun 1989 Olivio Dutra, na Jam'iyyar Ma'aikata, wanda a da shugaban ƙungiyar ma'aikatan banki ne, ya kama aikin magajin gari. Shi ne ya fara abin da su ke kira Orçamento Participativo da harshensu, watau kasafin kuɗin da jama'a ke sa hannu a ciki.

2. TUNTUƁEN FARKO

Shekarar farko ba ta yi kyau ba, kuma ya kamata mai karatu ya lura da dalili. An tara mutane unguwa unguwa aka ce kowa ya faɗi bukatarsa. Suka faɗa, aka cika takardu. Amma baitulmalin birnin babu kome, gama kusan kashi 98 cikin 100 na kuɗin shiga wajen biyan albashi su ke tafiya. Ayyukan da aka rubuta ba a yi su ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Jama'a suka yi fushi, suka janye jiki. A 1990 waɗanda suka halarci tarurrukan duk birnin ba su kai mutum 1,000 ba.

Hukumar birnin ba ta ɗora wa talakawa laifi ba. Ta gyara tsarin harajinta, musamman harajin gidaje da filaye, ta tsananta karɓar bashin da a ke binta, har aka sami rarar yin aiki. Ta kuma daina tambayar mutane abin da su ke so kawai, ta koma gaya musu yawan abin da ke hannu, su kuwa su jera bukatunsu, wannan kafin wannan. Da aka fara ganin kwalta da bututun ruwa sun shiga unguwannin da suka halarci taro, sai maƙwabtansu suka fahimta. A 1991 mahalarta sun haura 3,000, a 1992 sun haura 7,000, kafin 2002 kuwa sun wuce 15,000 a shekara. Gani ya kori ji.

3. YADDA AKA TAFIYAR DA AIKIN

An raba birnin yanki 16. Daga 1994 aka ƙara waɗansu tarurruka biyar na sha'anonin da suka game birni duka, kamar sufuri, da ilmi, da lafiya, da haraji. Aikin shekara kuwa ga yadda ya kasance cikin shekarun 1990:

(a) Wajen watan Maris da Afrilu a kan yi babban taro a kowane yanki. Kowa na da ikon shiga. Magajin gari da manyan ma'aikatansa su kan zo da kansu. Abin da a kan fara yi shi ne ba da lissafin bara: ga ayyukan da aka yi alkawari, ga waɗanda aka gama, ga waɗanda ba a gama ba da dalili. Mutane su kan tashi su yi tambaya, wani lokaci da zafi. A nan ne a kan zaɓi wakilai, kuma yawan wakilan unguwa gwargwadon yawan mutanenta da suka zo ne.

(b) Daga nan sai ƙananan tarurruka cikin unguwanni, inda jama'a da wakilansu ke jera bukatu: ko hanya ce ta fi matsa musu, ko magudana, ko gidaje, ko makaranta.

(c) Wajen Yuni da Yuli a kan sake babban taro, kowane yanki ya miƙa jerin bukatunsa, ya kuma zaɓi mutum biyu da mataimaka biyu zuwa Majalisar Kasafi. 'Yan wannan majalisa ba su da albashi. Wa'adinsu shekara ɗaya ne, ana iya sake zaɓensu sau ɗaya, kuma waɗanda suka tura su na iya tsige su. Hukuma tana da wakilai biyu a ciki, suna magana amma ba su jefa ƙuri'a.

(d) Majalisar Kasafi ta kan zauna da injiniyoyi da ma'aikatan kuɗi su daidaita bukatu da abin da ke baitulmali. A ƙarshen Satumba a kai kasafin gaban kansiloli, su ne masu ikon amincewa bisa doka.

(e) Daga ƙarshe a buga littafin ayyukan shekara, a rarraba. Kowane aiki da sunansa, da wurin da za a yi shi, da kuɗinsa. Wannan littafi shi ne makamin talaka, gama da shi zai zo taron baɗi ya ce, ga shafi kaza, ina aikin?

A lura, ba dukan kuɗin birni aka miƙa wa tarurrukan ba. Ƙarfin shawararsu a kan kason sababbin ayyuka ya ke. Kuma in injiniya ya ga wani aiki ba zai yiwu ba, tilas ya zo ya bayyana dalilinsa a gaban wakilai.

4. MUDUN RABO

Da an bar abin ga yawan hayaniya kaɗai, da unguwar da ta fi baki ita za ta kwashe kome. Saboda haka aka sa mudu guda wanda kowa ya sani tun kafin a fara awo. A kan ba kowane yanki maki bisa abu uku: tsananin rashin da ya ke ciki na wannan aiki, da yawan jama'arsa, da matsayin da mutanensa suka ba aikin cikin jerinsu. Sai a raba aikin gwargwadon maki.

Ga misali mai sauƙi da irin kayanmu, domin malamai su gwada. A ƙaddara za a haƙa rijiyar burtsatse 12 cikin ƙasar dagatai uku, maki kuwa daga 1 zuwa 4. Ƙasa ta farko babban gari ce, tana da famfo: rashi 1, yawan jama'a 4, kuma ruwa ne na ƙarshe a jerinsu, 1, jimla 6. Ta biyu: rashi 2, jama'a 3, zaɓi 3, jimla 8. Ta uku ƙauyuka ne na nesa, mata na tafiya mai nisa ɗibar ruwa: rashi 4, jama'a 2, zaɓi 4; jimla 10. Duka maki 24 ke nan, watau kowace rijiya maki 2. Ta farko ta sami 3, ta biyu 4, ta uku 5. Wanda bai gamsu ba sai ya ɗauki alƙalami ya sake lissafin da kansa. Amfanin mudun ke nan: yana kāre shugaba daga zargin son kai, yana kuma kāre na nesa daga mantuwa.

5. ABIN DA AKA SAMU

Tsakanin 1989 da 1996 gidajen da ke samun ruwan famfo sun tashi daga kashi 80 zuwa 98 cikin 100. Waɗanda aka haɗa da magudanar ƙazanta sun tashi daga kashi 46 zuwa wajen 85. Yawancin sababbin ayyukan unguwannin talakawa suka tafi. Masu ƙaramin ƙarfi su suka fi cika tarurrukan, mata kuwa sun kai rabin mahalarta har sun ɗara, ko da ya ke da farko ba su da yawa cikin Majalisar Kasafi. Waɗanda suka fi kowa talauci, masu neman abin da za su ci yau, su kam ba su cika samun zuwa ba, wannan kuwa gurbi ne da ba a cike ba.

A 1996, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sha'anin birane da aka yi a Santambul, an sa wannan tsari cikin kyawawan misalai na duniya. Garuruwa da yawa cikin Birazil da wajenta suka kwaikwaya. Birnin Faris na Faransa ya fara nasa a 2014, ya keɓe kashi 5 cikin 100 na kuɗin sababbin ayyukansa domin abin da mazauna suka zaɓa. Masu bincike da suka gwada garuruwan Birazil da juna sun ga waɗanda suka bi wannan hanya sun fi kashe kuɗi wajen tsabta da lafiya, mutuwar jarirai kuma ta fi raguwa a cikinsu.

6. YADDA ABIN YA RAUNANA

Ba za mu ɓoye ƙarshen labarin ba, domin a cikinsa rabin darasin ya ke. Tun farkon shekarun 2000 kuɗin birnin ya fara ƙaranci, ayyukan da aka amince da su suka fara taruwa ba a yi ba. Jam'iyyar Ma'aikata ta faɗi zaɓen 2004 bayan shekara 16 tana riƙe da birnin. Waɗanda suka gaje ta ba su soke tarurrukan ba, amma kason da a ke yanke shawara a kansa ya ragu, bashin ayyuka ya yi ta hauhawa. Aka kuma sassauta ƙa'idar wa'adi, har waɗansu wakilai suka daɗe bisa kujera suka zama tamkar 'yan siyasar da aka gudu tun farko. A 2017 magajin gari na lokacin, Nelson Marchezan, ya dakatar da manyan tarurrukan, ya ce babu kuɗi, ga kuma tulin tsofaffin alkawura.

Abin lura a nan shi ne, cutar da ta kusa kashe tsarin a 1990 ita ce ta komo ta kayar da shi: a tara mutane, a rubuta, a kasa cikawa. Har wa yau ƙarfinsa ya dogara ƙwarai ga niyyar wanda ke kan kujera, don haka da kujera ta sauya sai ya yi rauni.

7. INDA WANNAN YA SHAFE MU

Maganar shawara da talakawa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A watan Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo batu a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, yana neman a gyara mulkin En'e, a ba talakawa wuri a cikinsa. Dokar En'e ta 1954 ta ƙarfafa kafa majalisun gunduma da na ƙauyuka. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk Nijeriya, ya kuma mai da aikin sarakuna na ba da shawara. Yau ƙananan hukumomi 774 ne. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, kuma rabonsu daga Asusun Tarayya kashi 20.6 ne cikin 100. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyansu kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi.

To, amma ko kuɗi sun iso sakatariya kai tsaye, wannan bai kai su ƙauye ba. Abin da zai kai su shi ne jama'a su san nawa ne, me aka ce za a yi da su, kuma su sami ranar tambaya. Kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da maƙabartu, da ƙananan hanyoyi da magudanai, da kwashe shara, duk tsarin mulki ya ɗora su a kan ƙaramar hukuma, tana kuma da hannu a makarantun firamare da ɗakunan shan magani. Waɗannan su ne abubuwan da talaka ke gani kullum, ya kuwa fi kowa sanin inda ɗakinsa ke yoyo.

Hakimi ba shi riƙe da baitulmali, ba shi kuma sa hannu a kasafi. Wannan hakkin shugaban ƙaramar hukuma ne da kansiloli. Amma hakimi yana da abin da su ba su da shi: in ya kira a kan amsa, ya san kowane ƙauye da ruga, kuma yana nan bayan zaɓe ya wuce. Raunin da ya kayar da tsarin Porto Alegre, watau sauyin kujera, sarauta na iya tokare shi, muddin ba ta shiga jam'iyya ba.

8. ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

(1) Kada a kira taron bukatu sai an zauna da shugaban ƙaramar hukuma, ya faɗi abin da zai iya keɓewa, ko kaɗan ne. Aji biyu da aka yi alkawari aka gina sun fi makaranta goma a takarda.

(2) A sa wa taron lokaci sananne kowace shekara, kafin a tsara kasafi. A kauce wa ranar kasuwa da tsakiyar aikin damina.

(3) A buɗe kowane taro da lissafin bara, shugaban ƙaramar hukuma ko kansila ya bayar da bakinsa.

(4) Hakimi ya jinkirta faɗin nasa ra'ayi. In babba ya riga ya yi magana, kunya ba ta barin na ƙasa ya saɓa masa, sai taro ya zama na amin kawai.

(5) A nemi waɗanda ba su saba zuwa ba. Inda al'ada ba ta bar mata su yi magana cikin maza ba, a yi musu nasu zama, a kawo jerinsu a ba shi nauyi daidai da na maza. A aika wa arɗo, da shugabannin baƙi mazauna gari, da sarakunan sana'a, da samari.

(6) Wakilan da za su bi sawun ayyuka jama'a su zaɓe su, a kuma sauya su bisa wa'adi. A haɗa kai da kwamitocin makarantu da na lafiya da ke akwai, kada a kafa kishiyoyinsu.

(7) Wanda ya yi tambaya mai zafi kada a ɗauke shi mai rashin kunya, kada kuma wani abu ya biyo shi gida. In aka tsangwami mutum ɗaya, an rufe bakin ɗari.

9. AIKIN MALAMI

Littafin nan da ya zama makamin talaka a Porto Alegre, a wurinmu malamin hakimi ne zai riƙe shi. Ya ja layi shida: sunan aiki, wurinsa, kuɗinsa, wanda aka ba aikin, ranar da aka ce za a gama, da halin da a ke ciki. Ya rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, har da wanda bai yi wa manya daɗi ba. Kafin a watse ya karanta abin da ya rubuta, jama'a su shaida. A kafa kofe a ƙofar hakimi da bakin kasuwa, da boko da ajami, mai shela kuma ya faɗa domin waɗanda ba su karatu. Kowane wata uku ya sabunta layin ƙarshe. In aiki ya tsaya ya rubuta ya tsaya, da dalilin da aka bayar. Gwamnatin Tarayya ta kan buga abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu wata wata, malami ya nemi wannan ya ajiye kusa da littafinsa.

Wannan aiki yana da wahala, kuma shekarar farko mai yiwuwa mutane kaɗan za su zo. Kada a karaya. A cika ɗan abin da aka yi alkawari, a komo a ba da lissafi, baɗi tabarmin ba za su isa ba. Allah ya taimaki shugabanni bisa riƙon amanar jama'a.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me ya sa mutanen Porto Alegre suka janye jiki a 1990, me kuma ya komo da su?
2. Waɗanne abubuwa uku ne a ke ba da maki a kansu? Ku gwada raba aji 10 tsakanin ƙasashen dagatanku da wannan mudu.
3. Waɗanne mutane ne a gundumarku ba a taɓa jin bakinsu a taro ba, ta wace hanya za a kai gare su?
4. Wane aiki aka yi wa gundumarku alkawari bara, ina aka kwana, wa ya gaya wa jama'a?